Furen Baƙuwa

Ranar da abin ya fara leƙowa a kan Baƙuwa, Baba Mai-lambu ne ya fara ganinsa, kuma bai gaya wa kowa ba. Yana jan tiyo ta gefen wurin ajiye motoci ne, ya ɗaga kai ya duba ko akwai busasshen ganyen da zai faɗo wa wani a ka, sai ya ga wani abu ya tsaya ƙyam a tsakiyar kanta. Ba ganye ba ne. Sabon ganyenta ya san shi kamar yunwar cikinsa, siriri yake fitowa, a naɗe, kore shar. Wannan kuwa kauri gare shi kamar cinyar ƙato, ga shi fari-fari. Ya tsaya yana kallo har ruwan tiyo ya cika masa takalmi.

Baƙuwa dai bishiya ce, kada wani ya zaci mutum. A lambun wani otal mai hawa uku take, tsakanin ɗakin cin abinci da wurin ajiye motoci, kuma duk garin babu irinta. In ka hango ta daga nesa sai ka ce giginya ce, in ka matso sai ka janye maganarka, don ganyenta ɗaya sai ya kare mutum goma daga ruwan sama, gangar jikinta kuwa da ƙyar mutum biyu ke haɗa hannu a kanta. Marigayi mai otal ɗin ne ya zo da ƙwayoyinta guda biyar daga wata tafiya da ya yi ƙetaren teku, a ƙunshe cikin safa, ya zube wa Baba a hannu tun Baba yana matashi da ƙarfinsa. Huɗu suka ruɓe. Ɗaya ta yi wata huɗu a ƙasa ba motsi, sannan ta fito da wani ɗan tsinke da ko akuya ba za ta kula ba. Ba wanda ya san sunanta, Maigida ma ya manta abin da aka gaya masa a can, shi ya sa Baba ya riƙa ce mata Baƙuwa har sunan ya bi ta.

Shekara talatin da tara ke nan. Abin da tsohon nan ya yi wa bishiyar nan, wallahi ko 'ya'yan cikinsa bai yi wa ba, su ma sun sani, sun daɗe da haƙura. Shekarar da famfo ya ɗauke wata biyu cur, a baro ya riƙa turo jarkoki daga wata rijiya a bayan gari, sawu shida kullum, har tafin hannunsa ya saɓule. Da magina suka zo faɗaɗa ɗakin cin abinci suka zubar mata da ruwan siminti a gindi, shi kaɗai ya kwashe ƙasar da hannu ya zuba sabuwa, ya kuma raka shugaban maginan da baƙar magana har bakin titi. Mutum ne da za ka wuni da shi ba ka ji muryarsa ba, amma a kan Baƙuwa ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

Kafin wata ya zagayo abin ya wuce ɓoyo. Ya miƙe sama ya fi tsayin mutum biyu, ya fara fitar da rassa ta ko'ina, kowane reshe da ƙananan rassa, kowane ƙaramin reshe cike da wasu 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar gero. Manaja, wato ɗan marigayi wanda otal ɗin ke hannunsa yanzu, ya fito ya tsaya ya riƙe ƙugu, bakinsa har kunne. Ya ce ashe dai baƙuwar Baba za ta haihu. Ya sa aka jera kujeru da tebura a ƙarƙashinta, baƙi suka riƙa ɗaukar hoto, masu girki suna leƙowa ta taga da ludayi a hannu. Kowa ya gamu da Baba sai ya yi masa barka, shi kuma ya amsa da baki kawai. Ya lura ganyayen ƙasa sun fara sakin jiki, kuma tun da abin nan ya fito bai ga sabon ganye ko ɗaya ba.

Ranar hutunta Auta ta zo. Ita ce ƙaramar 'yarsa, a wani kantin magani take aiki, kuma duk mako sai ta zo ɗakinsa da ke bayan injin wuta ta wanke masa kaya, ta ƙirga ƙwayoyin maganin hawan jininsa, ta yi masa faɗa. Ranar ta ɗauki bishiyar hoto, ta zauna a kan buhun taki tana danne-dannen waya. Sai fuskarta ta canza. Baba ya san 'yarsa, tun tana ƙarama ko alewa ta sata sai fuskarta ta tona mata asiri. Ya ce ta faɗi abin da ta gani.

"Baba, irin wannan bishiyar sau ɗaya take fure a rayuwarta."

"To sai me?"

"In ta yi furen, ta yi 'ya'ya, sai ta mutu."

Ya hau ta da faɗa kamar ita ta rubuta. Ya tambaye ta wane ne ya faɗa, kuma shi mai faɗin ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa ya kai gindin wani abu? Dabino yana 'ya'ya kowace shekara bai mutu ba, giginya haka, kwakwa haka, sai ita kaɗai? Auta ta bar shi ya sauke, sannan ta karanta masa sauran a hankali. Duk shekarun nan abinci bishiyar ke tarawa a gangar jikinta. In lokaci ya yi sai furen ya zuƙe shi kaf, ya buɗe, ya ƙulla 'ya'ya dubu bisa dubu, su yi shekara guda ko fiye suna nuna, su zubo, ita kuma ta bushe a tsaye.

A duk wannan bayani abu ɗaya ne ya shiga kunnen Baba, shi ne furen ke zuƙe ta.

A nan fa ya kamata a yi wa tsohon adalci, don ba jahilci ne ya kai shi ba, sani ne. Duk mai lambun da ya amsa sunansa ya san in ƙaramin mangwaro ya yi rawar kai ya fitar da fure tun bai yi ƙwari ba, tsinke furen ake yi, bishiyar ta huta ta yi jiki. Lemo in ya ɗauko 'ya'yan da suka fi ƙarfinsa, ragewa ake yi. Albasa in ta fitar da sanda, karya sandar ake yi, in ba haka ba ta tsotse kan. Shekara kusan hamsin Baba yana ceton shuka da wuƙa da almakashi, kuma hannunsa bai taɓa ba shi kunya ba. Akwai wata tsohuwar gwaiba a bayan ɗakin wanki da kowa ya ce a sare, shi ya yi mata aski ƙwal, ga ta nan har yau ma'aikata na jifan 'ya'yanta. To mutumin da ya ga haka sau ɗari, wace waya ce za ta gaya masa wani abu daban?

Auta kuwa ba ta zauna ba. Ta tura hotunan wa wata ƙawarta, ƙawar ta tura wa wata malamar jami'a da ke koyar da sanin itatuwa. Bayan kwana biyu Malamar ta kira Manaja da kanta. Ta ce don Allah kada a bar kowa ya taɓa bishiyar, ita a iya saninta babu irinta ko ɗaya a duk yankin, kuma in aka bar ta ta ƙulla 'ya'ya za a samu irin da zai wadaci kowane lambu da kowace makaranta. Ta ce za ta zo da zarar ɗalibanta sun gama jarrabawa. Manaja ya kira Baba ofis ya maimaita masa, har da ɗaga yatsa. Baba ya ce to. Irin "to" ɗin tsofaffi ce, wadda ba ta nufin komai sai dai na ji ka gama.

'Ya'ya? Me zai yi da 'ya'ya? Shekararsa sittin da takwas, gwiwarsa ta hagu tana ƙara in ya durƙusa. Baƙuwa sai da ta shekara goma sha biyu kafin gangar jikinta ta ɗago daga ƙasa. Ko yau aka ba shi iri ya shuka, ba zai ga abin da ya wuce tsayin ƙugunsa ba. Shi wannan yake so, wadda ya sani, wadda ya turo wa ruwa a baro. Maganar gaskiya tsoro yake ji. Ya binne matarsa, ya binne Maigida, abokan aikinsa na farko duk sun tafi, kuma bai shirya tsayawa yana kallon wannan ma tana tafiya a hankali ana ɗaukarta hoto ba.

Da Manaja ya yi tafiyar kwana uku, Baba ya aika aka kira masa Ƙadangare. Ƙanin marigayiya matarsa ne, mai sana'ar hawan bishiya, ya haura hamsin amma har yanzu in ya rungumi gangar kwakwa sai ka ga kamar a ƙasa yake tafiya. Shi ke zuwa duk shekara ya sauke wa Baƙuwa busassun ganye. Ya iso da sassafe da igiyarsa a kafaɗa, yana tsokana tun daga ƙofa, wai ya ji an ce Yaya ya yi jika a sama, ya zo ganin jariri. Da ya ji aikin da aka kira shi, dariyar ta tsaya. Ya ce shi fa bai taɓa yanke wa bishiya fure tana tsaka da yi ba, kuma ina Manaja? Baba ya ce Manaja a hannunsa aka yaye shi, lambu kuma ba ofis ba ne. Ƙadangare ya yi ta kame-kame, ya ce zartonsa ba kaifi, Baba ya miƙo masa nasa da ya kwana biyu yana wasawa. Ya ce iska ta yi yawa, alhali ko ganye ba ya motsi. A ƙarshe dai ya tuɓe riga, don tun yana yaro bai iya yi wa mijin yayarsa musu ba.

Ya hau. Baba yana ƙasa riƙe da bakin igiya, ya ture kujerun baƙi gefe. Ƙadangare ya kutsa tsakanin manyan ganyayen har ya ɓace, aka ɗauki lokaci ba a ji motsinsa ba. Can sai ga kansa ya leƙo.

"Yaya, ka ji abin da na gani. Abin nan ba a gefe ya fito ba kamar na dabino. Shi ne tsakiyar gaba ɗaya. Na zura hannu har kafaɗa, babu wani ganye a bayansa."

"Yana ƙasa. In ka cire wannan zai samu hanya."

"Yaya, babu komai fa."

"Ka yanka."

Wannan ne lokacin da ya kamata Baba ya saki igiyar ya je ya zauna. Ya ji maganar sarai, kuma ya san Ƙadangare ba ya ƙarya a kan bishiya. Amma mutum in ya riga ya kira mai hawa, ya wasa zarto, ya ture kujeru, komawa baya tana yi masa nauyi fiye da komai. Ya dafe igiyar da hannu biyu ya sake cewa a yanka.

Aikin ya ci su har rana ta take. Reshe-reshe Ƙadangare ya riƙa yankewa yana ɗaurawa, Baba yana sassauta igiya suna saukowa. Ruwa mai danƙo ya riƙa tsiyaya daga sama yana ɗiga a kan teburan, mai zaƙi-zaƙi, nan da nan ƙudan zuma suka cika wurin. Masu girki suka fito suka yi cirko-cirko, mai gadi ya zo ya buɗe baki zai yi magana, ya ga fuskar Baba ya koma bakin ƙofarsa. Uwar sandar ce ta fi ba da wuya, sai gunduwa-gunduwa aka sauke ta, kowace gunduwa ta kai nauyin buhun siminti. Da aka gama Baba ya aika da gwangwanin kwalta sama a shafe wurin yankan, kamar yadda yake yi wa reshen mangwaro. Ƙadangare ya sauko jikinsa duk danƙo, ya sa rigarsa, ya ƙi shan shayin da aka haɗa masa. Rassan kuwa Baba bai yarda a kai bola ba, ya kwashe su a baro ya jibge a bayan ɗakinsa.

Manaja ya dawo ya tarar. Kowa ya zaci ranar Baba zai tattara komatsansa, ma'aikata har sun laɓe a bayan labule suna jira. Manaja ya daɗe yana kallon sama, ya juyo ya kalli tsohon da ya goya shi a wannan lambun, ya ce da wani ne ya yi wannan da tuni yana hannun hukuma. Ya shige ofis. Daga ranar ya daina biyowa ta lambu, ta ƙofar baya yake shiga. Auta ta yi kuka, ta ce Baba ka kyauta ke nan? Ya ce ta jira ta gani.

Kuma da farko kamar za a gani ɗin. Sati biyu, uku, ganyayen suka tsaya yadda suke, har Baba ya rantse sun ƙara kore. Ya tona rami kewaye da gindin ya zuba ruɓaɓɓen taki baro huɗu, ya ƙara mata ruwa. Ya samo mabuɗin saman bene a wurin mai gyaran tankin ruwa, kullum da safe sai ya ja gwiwarsa ya hau matakala hawa uku, ya tsaya a bakin rufin inda ake hango tsakiyar kanta. Baƙin kwalta kawai yake gani, zagaye kamar murfin tukunya. Ya kan ce wa kansa ai bishiyar da ta yi wata huɗu kafin ta tsiro ba za a yi mata gaggawa ba. Har ya fara amsa gaisuwar mutane da ƙarfi.

Sai ruwa ya sauka, kwana uku a jere. Kwaltar ta tsage, ruwa ya samu hanya. Bayan mako guda wani wari ya fara saukowa, irin na tulun da aka manta da tsami a ciki, baƙi suka daina zama a waje, aka kwashe kujerun. Ganyayen suka fara karyewa daga wuya ɗaya bayan ɗaya, suna rataye a jikinta. Wani ya faɗo da tsakar rana ya fasa gilashin motar wani baƙo, Manaja ya sa aka kewaye wurin da jan ƙyalle. Baba ya ɗauki fartanya ya bi gindin yana tonawa a hankali, yana neman ko ta fitar da ɗa a gefe kamar yadda ayaba ke yi in uwar za ta tafi. Ya zagaye ta sau biyu a durƙushe. Saiwoyi kawai ya samu.

A wannan halin Malamar ta iso. Mace ce gajera mai furfura, da takalmin roba da jaka a baya, ta sauko daga mota tana murmushi, don ba wanda ya iya gaya mata a waya. Ta ɗaga kai. Baba yana tsaye a gefe ya cire hula, yana jiran ta zage shi, kuma wallahi da ta zage shi da ya fi samun sauƙi. Ba ta zage shi ba. Ta zagaya bishiyar tana shafa jikinta, ta tambaye shi wace irin ƙasa ya zuba mata, sau nawa yake ba ta ruwa da rani, yaya ya yi da tsutsa. Ta ce ita ba ta taɓa zaton irin wannan za ta rayu a nan ba, balle ta kai ga fure, duk wanda ya raine ta ya san aikinsa. Sannan ta ce a nuna mata abin da aka yanke.

Ya kai ta bayan ɗakinsa. Rassan sun bushe sun yi ruwan ƙasa. Ta tsuguna ta tsinki 'yan ƙulle-ƙullen nan ta murza a tafin hannu, suka zama gari. Ta ce ko buɗewa ba su yi ba, da an ƙara musu wata biyu da sun buɗe, ƙudan zuma su yi nasu aikin.

Baba ya yi ta maza ya tambaye ta abin da ke cinsa.

"Malama, da na yanke shi tun yana ƙarami, tun ranar da na fara ganinsa, da ta tashi?"

"A'a, Baba. Wurin da ganye ke fitowa shi ne ya zama furen. Tun ranar da ka gan shi ta gama yin ganye."

"Da na bar shi fa?"

"Da ta mutu duk da haka. Sai dai da ta bar iri."

Ashe ran Baƙuwa bai taɓa zama a hannunsa ba, ko ya yanka ko ya bari tafiya za ta yi. Abu ɗaya tak aka bar masa a hannu, 'ya'yanta, shi ne kuma ya sa aka sauke da igiya. Ya tsaya yana kallon garin da ke tafin hannun Malamar. Ta ɗauki reshe ɗaya ta sa a jaka, ta ce za ta nuna wa ɗalibai.

Bayan sati biyu masu injin yankan itace suka zo, don gangar ta fara taushi daga sama kuma ɗakin cin abinci na kusa. Manaja ya aiko a ce wa Baba ya huta a ɗaki ranar. Bai huta ba. Shi ya nuna musu inda ta karkata, shi ya ce su janye igiyarsu daga kan bututun ruwa, shi ya tsayar da motoci. Gunduwa-gunduwa suka sauke ta. Cikinta da ya kamata a ce fari ne tas ya zama baƙin taɓo har kusan rabi, masu aikin suna toshe hanci suna tsaki. Kafin la'asar babu abin da ya rage sai kututture mai faɗin tebur, da wani fili a sama wanda ya sa duk lambun ya zama kamar na wasu.

Auta ta yi makonni ba ta zo ba, fushi take yi. Da fushin ya sauka tausayi ya maye gurbinsa, ta zo ranar hutunta da ledar magani. Ba ta same shi a ɗaki ba. Ta zagaya baya wurin da yake renon dashe, a ƙarƙashin rumfar raga, sai ta tsaya. Ƙananan baƙaƙen ledojin dashe ne jere reras, layi-layi, sun cika rumfar sun fito har bakin katanga, sun fi ɗari biyar. Kowace an cika ta da ƙasa mai kyau gauraye da yashi, an danna tsakiyarta da yatsa. Baba yana tsugune a ƙarshen layi da wani tsohon gwangwanin madara a gefensa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta leƙa gwangwanin, ta ga busassun ƙulle-ƙullen furen ne ya tsince ɗaya-ɗaya daga rassan, ya zaɓi manya-manyan.

Ta kira shi a hankali. Bai ɗago ba, ya ɗauki ɗaya ya sa a rami ya rufe da ɗan yatsa.

"Baba, wannan fa ba iri ba ne."

"Na sani. Shekara hamsin ina wannan aiki, ba sai kin gaya mini ba."

"To me ya sa?"

Ya ja wata ledar gabansa ya daidaita mata zama.

"Suna da yawa, Auta. Kin ga yawansu kuwa? A cikin dubu nawa, a ce ba za a samu ko ɗaya da zai yi kuskure ya tsiro ba?"

Auta ta dubi layukan ledojin. Ita mai sayar da magani ce, ta san fuskar mutumin da ya zo neman abin da babu, kuma ta san ba a kantin ake gaya masa ba. Ta ajiye ledar maganin a kan bulo. Baba ya nuna mata layukan da ke bakin katanga da haɓa, ya ce waɗancan tun jiya ba su sha ba, gwiwar ta hana shi kai musu, kuma ta yi a hankali kada ruwan ya tono su.

Ta naɗe hannun rigarta, ta ɗauki bokiti ta nufi famfo.